Allurar Ƙarin Tsawo Da Yaran Da Murhun Jikinsu Ya Raunana

A cikin watan Yuli na shekarar 2025 likitocin birnin Newcastle, a ƙasar Ingila, suka ba da sanarwa cewa an haifi jarirai takwas ta wata sabuwar dabara, wadda a ke nufin ta tsare su daga wani ciwon gado da uwa ke ba 'ya'yanta. Tun shekarar 2015 Majalisar ƙasar ta yi dokar da ta yarda da wannan dabara, watau sai da aka shekara goma kafin cikakken rahoton ya fito. Jaridun duniya sun yi ta yayata labarin, kuma lalle ya cancanci a yayata shi. Amma dabarar nan ta waɗanda ba a haifa ba ce tukuna. Yaran da aka riga aka haifa da ciwon ba ta ƙare su da kome ba.

Sabo da haka mu ke so mu ja hankalin masu karatunmu zuwa ga waɗannan yara da ke raye, da kuma ɗaya daga cikin manyan matsalolinsu, watau rashin girma. Akwai wata allura da a ke yi wa yaron da jikinsa ya kāsa yin sinadarin girma, kuma likitoci sun daɗe suna muhawara a kan ko ya dace a yi ta ga mai wannan ciwo. Maganar ta likitoci ce, gaskiya ne, amma malamin makaranta shi ke ganin yaro ko wace safiya, ma'aikacin ofis kuwa shi ke riƙe da littattafan da a ke rubuta awon yara. Ba za a gane yaron da ya tsaya cik ba sai da taimakonsu.

Murhun Jiki

Jikin mutum an gina shi ne da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A cikin kusan ko wace ƙwaya akwai waɗansu 'yan abubuwa da masana ke kira maitokondiriya. Aikinsu shi ne su karɓi abincin da aka ci, su haɗa shi da iskar da aka shaƙa, su fitar da ƙarfin da jiki ke aiki da shi. Don sauƙin magana za mu kira su murhun jiki. Gaɓoɓin da suka fi cin ƙarfi, kamar ƙwaƙwalwa da zuciya da tsoka da ido da kunne, su suka fi dogara da wannan murhu, kuma su ke fara kuka in ya raunana.

Wani abin mamaki shi ne murhun nan yana da nasa ɗan littafin gado dabam da na sauran jiki. A shekarar 1981 masana a Cambridge suka karance shi duka, suka tarar yana da harufa 16,569 da ƙwayoyin gado 37. Daga uwa kaɗai a ke gadonsa. Duk da haka ba ko wane ciwon murhu ne ke zuwa ta wajen uwa ba. Waɗansu suna zuwa ne ta babban littafin gado da a ke samu daga uba da uwa, waɗansu kuma kuskure ne da ya auku ga yaron shi kaɗai, babu mai shi a dangi. Mun faɗi wannan don kada wani ya karanta rabin magana ya je gida ya ɗora wa matarsa laifi.

Likita Rolf Luft na birnin Stockholm shi ya fara bayyana ciwon murhun jiki a 1962. A 1988 masana a London da Amurka suka nuna cewa kuskure a cikin ɗan littafin gadon nan yana jawo ciwo. A yau a kan ƙiyasta cewa wajen mutum ɗaya cikin 5,000 yana ɗauke da wani iri daga cikin waɗannan cututtuka. Irinsu suna da yawa, amma biyu sun fi shafar maganarmu. Na farko shi ne wanda likitoci biyu na asibitin Mayo a Amurka, Kearns da Sayre, suka bayyana a 1958: ya kan fara kafin shekara 20, fatar ido ta sauko, ƙwayar ido ta kasa juyawa, gani ya ragu, bugun zuciya ya rikice. Na biyu shi ne wanda aka sa wa suna MELAS a 1984, mai kawo farfaɗiya da ciwon kai da amai da kurumta, da abin da ya yi kama da shanyewar ɓarin jiki tun mutum yana yaro.

Sinadarin Girma

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙullutu da bai wuce ƙwayar wake ba, ana ce da shi fituwitari. Shi ke zuba sinadarin girma a cikin jini. Sinadarin ya kan tafi hanta ya sa ta yi wani sinadari na biyu, sa'an nan su biyun su sa ƙarshen ƙasusuwa su riƙa ƙara tsawo. Jariri ya kan ƙaru da wajen santimita 25 a shekararsa ta fari, da wajen rabin haka a ta biyu. Daga shekara huɗu har zuwa balaga, lafiyayyen yaro ya kan ƙaru da santimita 5 zuwa 6 ko wace shekara, watau inci biyu ko sama da haka kaɗan. In ya balaga sosai sai ƙarshen ƙasusuwan ya rufe, daga nan kuwa babu allurar da za ta ƙara masa ko da faɗin yatsa.

Yaron da ƙullutun nan nasa ba ya yin sinadari isasshe ya kan zama gajere, fuskarsa ta yi ƙuruciya fiye da shekarunsa, amma hankalinsa lafiya lau. A kan sami irin wannan yaro ɗaya cikin 4,000 zuwa 10,000. Wanda duniya ta fi sani a cikinsu shi ne ɗan ƙwallon Ajantina, Lionel Messi, wanda aka gano yana da wannan rashi yana wajen shekara goma, ya koma Barcelona yana da shekara 13, ƙungiyar ta ɗauki nauyin maganinsa. Labarinsa ya sa mutane da yawa suna zaton allurar nan tana ƙara wa ko wane gajere tsawo. Abin da a ke mantawa shi ne murhun jikin Messi lafiyayye ne. Sinadari ɗaya tak ya rasa, aka mayar masa da shi.

Inda Biyun Suka Haɗu

Gajarta tana daga cikin alamun da aka fi gani ga yara masu ciwon murhun jiki. A cikin masu ciwon Kearns da Sayre, fiye da kashi ɗaya cikin uku gajeru ne, kuma sau da yawa rashin girman ya kan riga saukowar fatar ido bayyana. Dalilan suna da yawa. Wani yaro ba ya iya cin abinci sosai, ko ya ci ya amayar. Wani ƙodarsa ce ke zubar da gishirin jiki a cikin fitsari. Wani ciwon sukari ne ya kama shi, ko kuwa ƙullutun maƙogwaro ya yi rauni. Wani kuma ƙarfin da murhu ke fitarwa bai wuce na numfashi da bugun zuciya ba, babu rarar da za a yi gini da ita. Kashi ɗaya ne kawai a cikinsu su ke da rashin sinadarin girma na haƙiƙa, domin shi ƙullutun fituwitari da sashen ƙwaƙwalwar da ke ba shi umurni suna cin ƙarfi ƙwarai, in murhu ya raunana sai su gaza.

A nan muhawarar ta ke. Ko wane akawu ya san bambancin takardar umurni da takardar kuɗi. In aka aiko daga hedikwata cewa a gina makaranta, alhali ba a zuba ko kwabo a baitulmali ba, ɗayan biyu za a yi: ko dai ba za a gina ba, ko kuwa a ɗebi kuɗin asibiti da na rijiyoyi a yi ginin. Sinadarin girma takardar umurni ne. Ba ya kawo ƙarfi, sai dai ya ce wa jiki ya kashe ƙarfi wajen gina ƙashi da tsoka. Ga lafiyayyen yaro baitulmali cike ya ke. Ga mai raunin murhu kuwa, abin da likitoci ke tsoro shi ne kada a ɗebo kason ƙwaƙwalwa da zuciya a zuba wa ƙashi.

Wannan tsoro yana da tushe. A shekarar 2008 likitoci a birnin Paris suka buga rahoton yara masu ciwon murhu da aka yi wa allurar, suka nuna sakamakon ya bambanta daga yaro zuwa yaro: waɗansu sun jure ta, waɗansu jikinsu ya ƙara taɓarɓarewa. A ɗaya gefen kuma, wani rahoto na 2016, wanda aka tattaro daga babban littafin da a ke rubuta yaran da ke shan wannan magani a ƙasashe da dama, ya nuna masu ciwon Kearns da Sayre sun ƙara saurin girma da allurar. Wahalar ita ce ciwon murhu da kansa ya kan ci gaba, ko an yi allura ko ba a yi ba. In yaro ya ƙara rauni bayan an fara, ba shi da sauƙi a ce ga mai laifi. Yaran kuma kaɗan ne, warwatse cikin ƙasashe, sabo da haka abin da likita ke dogara da shi rahotanni ne na 'yan tsirarun marasa lafiya.

Akwai kuma haɗari na biyu da babu jayayya a kansa. Sinadarin girma yana ɗaga sukarin jini, masu ciwon murhu kuwa da ma suna bakin kamuwa da ciwon sukari. Har ila yau allurar ta kan tono raunin ƙullutun maƙogwaro, ko na ƙullutun da ke bisa ƙoda, wanda dā ya ke ɓoye. Ta kan kawo matsanancin ciwon kai ga waɗansu yara, ko ciwon kwankwaso da ɗingishi.

Ko gwajin da a ke yi don a tabbatar da rashin sinadarin ba abin wasa ba ne. Ƙullutun ba ya zuba shi ko yaushe, sai jefi-jefi, galibi da dare sa'ad da barci ya yi nauyi. Don haka ɗiban jini sau ɗaya da rana ba ya nuna kome. Sai an hana yaro abinci tun dare, a ba shi wani magani mai zuga ƙullutun, a yi ta ɗiban jini har awa biyu ko uku. Zama da yunwa kuwa yana daga cikin abubuwan da suka fi jefa mai ciwon murhu cikin hatsari. Wannan ya sa ba a yin gwajin sai a asibitin da ke da ƙwararru a tsaye a kan yaron.

Ra'ayin da ƙwararru suka fi karkata gare shi a yau shi ne na tsaka-tsaki. Ba a hana allurar ga mai ciwon murhu ɗungum, kuma ba a yi masa ita don gajarta kawai. Sai an fara gyara abincinsa, an duba ƙoda da sukari da sauran ƙullutai, an ɗauki hoton ƙashin hannu don a san shekarun ƙashinsa, an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, an tabbata sinadarin ne ya gaza. Sa'an nan a fara da kaɗan, a riƙa awo bayan 'yan watanni, a tsayar nan da nan in aka ga gajiya ta ƙaru, ko tafiya ta rikice, ko sukari ya hau. Mu ma wannan ra'ayi mu ke goyon baya.

Darasin Shekarar 1985

Tarihin maganin kansa ya isa ya koya wa kowa taka-tsantsan. A 1958, shekarar da Kearns da Sayre suka buga bayaninsu, Likita Maurice Raben na birnin Boston ya ba da labarin yaro na farko da ya girma da sinadarin da aka tatso daga ƙullutun mamata. A lokacin babu wata hanya sai wannan, domin na dabbobi irin su shanu ba ya aiki ga mutum. Daga 1963 zuwa 1985 an yi wa yara wajen 7,700 wannan allura a Amurka kaɗai. Kowa na murna, yara suna girma.

A 1985 aka gane cewa mutum uku daga cikin waɗanda aka yi wa allurar a Amurka sun mutu da wani mugun ciwon ƙwaƙwalwa da ba shi da magani, mai suna Creutzfeldt-Jakob. Ashe waɗansu daga cikin ƙullutan da aka tara na masu ciwon ne, ciwon kuwa ya kan kwanta shekaru da yawa kafin ya tashi. Aka tsayar da maganin. Lissafin da aka buga a 2012 ya nuna mutum 226 suka kamu ta wannan hanya a duniya, 119 daga cikinsu a Faransa. A watan Oktoba na 1985 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da sabon sinadari na kamfanin Genentech, wanda a ke haɗawa a ma'aikata ba tare da an taɓa gawa ba. Irinsa a ke amfani da shi har yau, kuma ba ya ɗauke da wancan ciwo. Da can kullum a ke yin allurar, amma tun daga 2021 aka fara yarda da irin da a ke yi wa yara sau ɗaya a mako.

Abu biyu mu ka ɗauka daga wannan labari. Na ɗaya, magani ya kan yi shekara ashirin yana nuna alherinsa kafin ya nuna sharrinsa. Na biyu, da ba a rubuta sunan ko wane yaro da irin allurar da aka yi masa ba, da ba a iya bin sawu an gano tushen masifar ba. Aikin mai riƙe da littafi ne ya ba likita abin kamawa.

Abin Da Ya Shafe Mu

Wani zai ce ina ruwanmu da ciwon da ke kama mutum ɗaya cikin dubbai, alhali ga yunwa a ƙofar gida? Tambayar tana kan hanya. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Mafi yawan gajerun yaranmu abinci su ke bukata, da ruwa mai tsabta, da maganin tsutsar ciki da na zazzaɓi. Wanda ya kai irin wannan yaro a yi masa allurar tsawo ya yi asarar kuɗinsa, ya kuma sa yaron cikin haɗari.

Amma yawan tsumburarrun yara shi ne kuma ke ɓoye 'yan kaɗan ɗin da ciwonsu dabam ne. A ajin da rabin yara gajeru ne, wa zai lura da ɗaya da ya shekara uku bai ƙaru ba? Sai a ce gadon gidansu ne, ko a ce zai miƙe in ya balaga. In fatar idonsa ta sauko a ce barci ya ke ji. In ba ya jin magana sosai a ce taurin kai ne. In ya gaji da 'yar tafiya a ce ragwanci ne, har a kai ga bulala. Alhali kuwa in ciwon Kearns da Sayre ne, abin tsoro ba tsawonsa ba ne, zuciyarsa ce. Hanyar da saƙon bugu ke bi a cikin zuciya ta kan toshe, yaro ya suma ko ya mutu farat ɗaya. Awon zuciya mai sauƙi yana nuna wannan tun da wuri, kuma akwai 'yar na'ura da a ke dasawa a ƙirji ta daidaita bugun. Ashe amfanin lura da gajarta ya wuce neman tsawo, yana iya zama sanadin tsirar rai.

Gano ciwon yana da wani amfani kuma. Akwai magunguna da a ke ba mutane yau da kullum waɗanda ke cutar da waɗansu masu raunin murhu. Maganin farfaɗiya mai suna valproate yana iya lalata hantar masu wani iri na ciwon, allurar gentamicin kuma tana kurumtar da masu wani irin. Likitan da ya san abin da yaro ke ɗauke da shi zai kauce musu.

Ba za mu ɓoye ba, maganin sinadarin girma yana da tsada ƙwarai, ya kan ci dubban daloli a shekara, ana yinsa shekara da shekaru, kuma galibinsa sai an ajiye shi cikin firiji. Likitocin da suka ƙware a kan ƙullutan yara ba su da yawa a ƙasar nan, ko da ya ke tun 2012 aka buɗe cibiyar horad da su domin Afirka ta Yamma a Legas. Inda magani ke da tsada, ƙwararru kuma ba su wadata ba, nan ne 'yan damfara ke samun kasuwa. Muna gargaɗin iyaye su guji duk wani mai tallan allura ko ƙwayar ƙarin tsawo a kemis ko a intanet. Sinadarin girma na gaskiya ba a haɗiyarsa, domin ciki narkar da shi ya ke yi kamar nama. Wanda duk ya ce yana da ƙwayarsa, ku san ƙarya ya ke yi.

Shawararmu

Abin da mu ke roƙo ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Ko wace makarantar firamare ta sami bango ɗaya mai santsi da ma'auni, a auna tsawon ko wane yaro sau biyu a shekara ba tare da takalmi ba, a rubuta a gaban sunansa cikin rajista. Awo ɗaya ba ya faɗin kome, jerin awo shi ke magana. Yaron da ya ƙaru da ƙasa da santimita 4 a shekara, ko wanda ƙanensa ya kamo shi ya wuce, a kira mahaifinsa a yi masa bayani cikin mutunci, a ba shi takarda zuwa asibiti. In kuwa tare da gajartar akwai saukowar fatar ido, ko raunin ji, ko suma, ko farfaɗiya, ko yawan fitsari da ƙishirwa, to, kada a jira ƙarshen zango.

Ma'aikatan ɗakin shan magani su riƙa cika katin awon jarirai da tsawo, ba nauyi kaɗai ba, su kuma gaya wa iyaye mata su adana katin kamar takardar gona. Hukumomin lafiya na jihohi su tabbatar akwai hanya sananniya da za a bi a miƙa irin waɗannan yara zuwa asibitocin koyarwa, su kuma buɗe littafi na musamman da za a rubuta duk yaron da aka fara wa allurar, da abin da ya same shi daga baya.

Ga iyayen da aka riga aka gaya musu ɗansu yana da ciwon murhun jiki, muna cewa kada su ƙi allurar don tsoro in ƙwararren likita ya tabbatar da rashin sinadarin, kada kuma su matsa a yi ta don kunyar gajarta. Su tambayi likita abin da gwaji ya nuna, da alamun da za su sa a tsayar, da ranar da za a sake awo. Gaggawa ba ta da amfani a nan, sakaci kuma yana da tsada, domin ƙashin yaro ba ya jiran kowa. Shekarun da malami ke da yaro a gabansa su ne shekarun da a ke iya yin wani abu.